Laraba: Tambayar Da Aka Yi Mini a Kan Alright

Yau darasi biyu kawai gare ni, saboda haka na wuni a ɗakin malamai ina duba insha'in Turanci na 'yan ajin ƙarshe. Kusan kowace takarda sai jan birona ya zagaye waɗannan kurakuran rubutu: definately, truely, publically, sai kuma alright (a maimakon all right), wadda ta fi kowacce yawa.

Bayan tara na raba musu takardunsu. Wata yarinya da ke zama a layin taga, wadda ba ta cika magana ba, ta ɗaga hannu. Ta ce, "Malam, already daidai ne, always da almost da altogether duk daidai ne. To me alright ta yi?" Wallahi tambayar ta yi mini daɗi, har na ajiye abin da na shirya koyarwa.

Na ce mata duk kalmomin da ta lissafa all ce aka manna wa wata kalma, harafin l ɗaya ya faɗi. Sun haɗe ne tun zamanin da kowane marubuci a Ingila yake rubuta kalma yadda kunnensa ya ji ta. Daga baya William Caxton ya kafa injin ɗab'i a Westminster a 1476, sannan Samuel Johnson ya fitar da ƙamusunsa a 1755, rubutu ya daskare a siffar da aka same shi. Ita alright ba ta yaɗu ba sai ƙarshen ƙarni na 19, kamar fasinjan da ya iso tasha bayan mota ta tashi. A 1926 H. W. Fowler ya ƙi amincewa da ita a littafinsa na ƙa'idojin Turanci, malamai kuma suka bi shi har yau.

Publically ma haka take. Yaron da ya rubuta ta ƙa'ida ya bi, domin ya ga basically da tragically. Publicly ce ta fita daga layi: a zamanin Johnson publick da publickly ake rubutawa, k ɗin ya faɗi, aka bar ta haka. Truely kuwa ɗalibi ya ga surely da nicely sun riƙe e ɗinsu, alhali truly ta yar da nata. Definately ce kaɗai ban samo mata uzuri ba, kunne ne ya yaudari hannu. Na rubuta finite a allo na ce su nemo ta a cikin definitely, nan take aji ya ɗauki "Oho!"

Da na koma ɗakin malamai na ba wata abokiyar aikina labari, wadda ta girme ni a aikin nesa ba kusa ba. Ta ce, "Malam, kada ka rikita yaran nan, jarrabawa ta matso." Tana da gaskiya ta wani ɓangare, domin mai makin jarrabawa ba ruwansa da Caxton, cire maki zai yi. Na ce mata ai shugaban Amurka ma ya gwada gyara rubutun nan bai yi nasara ba. A 1906 Theodore Roosevelt ya umarci maɗaba'ar gwamnati ta riƙa amfani da kalmomi 300 da aka sauƙaƙa, irin su thru da tho da thoroly, bisa shawarar wani kwamiti da attajiri Andrew Carnegie ke ɗaukar nauyinsa. Kafin shekarar ta ƙare majalisa ta ƙi, ya janye umarnin. Jaridar Chicago Tribune ta ci gaba da rubuta thru da tho har 1975, ita ma ta haƙura.

Zan ci gaba da zagaye alright, don ba na son su rasa maki. Amma abin yana damuna a ɗauki yaron da ya yi tunani har ya gano ƙa'ida a matsayin wanda bai san komai ba. Sauran takardun da na duba da yamma, duk inda na ga publically sai na rubuta a gefe: tunaninka daidai ne, kalmar ce ta saɓa, haddace ta za ka yi. Gobe da safe 'yan aji huɗu gare ni, zan nuna musu cewa once a da ones ake rubuta ta.