Daƙiƙa goma sha ɗaya

Asabar, Daura.

Tun ran Laraba da Yaya ya turo bidiyon nan daga Kaduna, Inna ba ta da wata magana sai tasa. Hawan Sallar Gani ne, na shekarar da Baba ya yi hawansa na ƙarshe, Allah Ya jiƙansa. Wani bawan Allah ya ɗauka ya ɗora a YouTube, awa 3 da minti 40. Abokin Yaya ya rantse ya hango Baba a ciki, amma bai riƙe wurin ba.

Yau da hantsi na ce wa Auta ya fito da kwamfutarsa, don dabarun neman wuri a cikin bidiyo sun fi aiki a burauzar kwamfuta fiye da waya. Ya zo da ƙarfin gwiwa. Akwai wata 'yar manhaja da ya liƙa wa burauzarsa, wadda ke karanta rubutun maganganun da aka yi a bidiyo ta fitar maka da muhimman wurare da mintinsu. Da ita yake bitar laccocin Turanci na makaranta, kuma na sha ganin amfaninta: ya buɗe rubutun, ya danna Ctrl da F, ya rubuta kalma ɗaya, sai ga shi a kan gaɓar da malamin ya faɗe ta. To namu bidiyon ba shi da rubutu ko layi ɗaya. Tambura ne da algaita da harbin bindiga da kirarin maroƙa. Manhajar ta juya ta juya ta ce babu abin karantawa. Wanda ya ɗora kuma bai yanka shi babi-babi ba, duk da tun 2020 ake iya yin haka idan mutum ya jera mintoci a ƙasan bidiyonsa, ya faro daga 0:00.

Sai Auta ya nuna mini wani ɗan zane mai kama da tudu da kwari a saman layin da bidiyo ke tafiya. Inda ya yi tozo, nan mutane suka fi maimaita kallo. Tozo biyu ne. Na farko fitowar Mai Martaba Sarki Umar Faruk Umar ƙarƙashin laima, na biyu wani doki da ya yi tsaye da mahayinsa. Duk biyun sun cancanci kallo, har Inna ta ce a maimaita mata na Sarki. Amma babu Baba. Dama ta ina jama'a za su tsaya kan dattijo ɗaya a tsakiyar tawagar hakimi?

Muka koma aikin hannu. Na rage kyan hoton zuwa 240 saboda data. A maɓallan kwamfuta, lamba 1 zuwa 9 kowace tana cilla ka kashi goma cikin ɗari, wato 5 tsakiyar bidiyo ke nan. L tana gaba da daƙiƙa goma, J tana dawo da kai. Har aka kira azahar ina ta L, L, L, rawuna sun fara zame mini iri ɗaya.

Bayan salla Inna ta jawo tabarma ta zauna kusa da ni.

"Ke 'yar nan, ki daina tsallen nan. Ƙara mini sautin."

Ba hoton take kallo ba, idonta ma a rufe yake. Ta ce kowane hakimi da takensa, kuma ta san wanda ke gaban namu a jeri da wanda ke bin bayansa, shekara talatin tana ji daga bakin zaure. Nakan saki sauti kaɗan ta ce wuce, ko ta ce kin zarce, koma. Sau shida muka yi haka. A na bakwai ta ɗaga hannu.

"Tsaya nan. Mutanen Babanku ne."

Na mayar da hoton 720, na tsayar, na riƙa danna maɓallin ɗigo, wanda ke matsar da bidiyo hoto ɗaya ɗaya. Auta ne ya fara gane dokin, akawal ɗin nan mai farin goshi. Sannan Baba ya shigo ta gefen hagu, da farin rawani da alkyabbar da har yanzu take cikin adakar Inna. Ya ɗan sunkuya yana shafa wuyan dokin, ya ɗago, wani mai laima ya gifta ya rufe shi. Awa 2 da minti 14 da daƙiƙa 7. Duka-duka daƙiƙa goma sha ɗaya ya yi a ciki, na ƙirga.

Babu wanda ya yi magana. Inna ta ce a sake, na sake. Ban san sau nawa na danna J ba, na dai san la'asar ta same mu a wurin.

Da daddare na shiga wurin raba bidiyo, na zaɓi ya fara daga daidai wannan daƙiƙar, na tura wa Yaya da su Gwaggo. Na kuma rubuta 2:14:07 a bayan littafin da Inna ke ajiye lambobin waya. Ta ce gobe bayan asuba in sake kunna mata kafin in tafi aiki.