Asabar da tsofaffin finafinai biyu

Tun da safe hazo ya rufe gari, sanyi kuma bai sake ni ba har bayan azahar, saboda haka na fasa fitar da na yi niyya, na zauna a ɗaki da kwamfuta domin in kalli finafinai biyu da na daɗe da saukewa daga intanet. Dukansu na Amurka ne, baƙi da fari, an yi su a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu da ƙarshensa, kuma an yi su da kuɗin da manyan kamfanonin Holiwud ba sa ɗauka a bakin komai. Ƙanena ya shigo ya tarar da ni ina rufe labule, ya leƙa allon ya ce, "Yaya, wannan ai ko launi babu, me za ka gani a ciki?" Na ce masa ya zauna na minti ashirin kawai, idan bai ji daɗi ba ya tafi. Ya jawo tabarma ya zauna.

Na fara da Cat People na shekarar 1942, wanda Val Lewton ya shirya wa kamfanin RKO, Jacques Tourneur kuma ya ba da umarni. A lokacin kamfanin yana cikin matsin kuɗi bayan asarar da ya yi a finafinan mai ba da umarni Orson Welles, sai ya ɗora Lewton a kan sashen finafinan ban tsoro da sharuɗɗa uku: kada kuɗin fim ya wuce dala 150,000, kada tsawonsa ya haura minti 75, sunan fim kuma kamfani ne zai zaɓa, shi Lewton ya nemo labarin da zai dace da sunan. Hatta matattakalar benen da ake gani a gidan jarumar, ragowar kayan wani fim ne na Welles aka sake amfani da ita.

Labarin na wata budurwa ce ’yar asalin Sabiya mai suna Irena, wadda Simone Simon ta fito a matsayinta. Tana zaune a Niyok, ta auri wani injiniya, amma tana ɗauke da tsoron cewa ita jinin wasu mutanen ƙauyensu ce da ke rikiɗa su zama damisa idan sha’awa ko kishi ya motsa su. Ina jin haka sai na tuna da kakata da labaranta na mutanen da ke rikiɗa su zama kura, waɗanda ba ta taɓa ba mu su sai bayan an kashe fitila.

Wurin da ya fi kama ni shi ne inda Alice, abokiyar aikin mijin, take tafiya ita kaɗai da dare a gefen wata doguwar katanga. Fitilun titi sun yi nisa da juna, tana fita daga haske tana shiga duhu, a bayanta kuma ana jin ƙwas-ƙwas na takalmin wata mace. Sai takun ya ɗauke ɗif. Wannan shirun ya fi takun tayar da hankali, domin mai kallo ya fara tambayar kansa ko mai takalmin ta daina tafiya da ƙafa biyu ne. Alice ta ƙara sauri tana waiwaye, sai kwatsam aka ji wani huci mai kama da na dabba ya cika kunne, ashe motar bas ce ta taka birki a gabanta. Ƙanena ya zabura har ya buge kofin shayi da gwiwa. Masu harkar fim har yau suna kiran wannan dabara da sunan bas ɗin Lewton.

Haka abin yake a wurin ninƙaya na ƙarƙashin bene, inda Alice ta faɗa cikin ruwa don ta tsira. Ba a nuna mana komai ba sai hasken ruwa yana rawa a jikin bango, da wata inuwa da ke wucewa, da gurnani yana amsa kuwwa. Bayan an kunna fitila sai ga Irena tsaye cikin natsuwa, daga baya kuma aka tarar da rigar wankan Alice a yayyage. A ganina, da suna da kuɗin ɗinka rigar dodo da sun lalata wannan wuri, domin duk dodon da ido ya gani ya ƙare masa kallo, tsoronsa ya ragu. Nicholas Musuraca, wanda ya ɗauki hoton fim ɗin, ya san inda zai ajiye fitila ɗaya ya bar sauran ɗakin ga zuciyar mai kallo.

Bayan la’asar aka ɗauke wuta, amma batirin kwamfutar yana da saura, kuma duhun ɗakin ya ƙara wa kallon armashi. Na sa Detour na shekarar 1945, wanda Edgar G. Ulmer ya ba da umarni a kamfanin PRC, ɗaya daga cikin ƙananan kamfanonin da ake yi wa laƙabi da layin talakawa a Holiwud. Irin wannan fim ne wani mai sharhi Bafaranshe, Nino Frank, ya kira film noir a 1946, wato baƙin fim, saboda duhun hotonsa da duhun halin mutanen cikinsa.

Al Roberts makaɗin fiyano ne a wani gidan rawa a Niyok. Budurwarsa ta tafi Holiwud neman sa’a, shi kuma ya bi ta ba shi da kuɗin mota, yana tsayawa a bakin hanya yana roƙon a rage masa hanya. Wani ɗan caca mai suna Haskell ya ɗauke shi. Cikin dare, ruwa ya sauko, Al ya tsaya don ya rufe rufin motar, yana buɗe ƙofa sai mutumin ya faɗo ƙasa matacce. Tsoron kada a ce shi ya kashe shi ya sa ya ɓoye gawar, ya ɗauki kuɗinsa da tufafinsa da takardunsa da motarsa. Can gaba ya ɗauki wata mata mai suna Vera a kusa da gidan mai, ba tare da ya san ita ce ta yakushi hannun Haskell kwanaki kaɗan kafin nan ba. Ta yi kamar barci, sai ta buɗe ido ta juyo ta tambaye shi inda ya kai mai motar. Ann Savage ta yi wannan wasa da wata irin murya mai kaifi da ban taɓa jin irinta a bakin jarumar wancan zamani ba, babu kwarkwasa ko kaɗan, sai yunwa da fushi da rashin lafiya da take ɓoyewa.

Talaucin fim ɗin a fili yake. Titin Niyok hazo ne kawai aka cika ɗakin ɗaukar hoto da shi, aka kafa alamun sunan titi. A wasu wurare an juya hoton, har motoci suna bin hannun da ba nasu ba. Duk da haka ban ji waɗannan sun cire ni daga labarin ba, domin Al ne yake ba da shi daga wani ƙaramin gidan abinci a jihar Nevada, kuma tunanin mutumin da ke cikin firgici haka yake, rabi a bayyane, rabi a cikin hazo.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda Al yake jingina komai ga ƙaddara. Mutuwa ta biyu ta faru ne lokacin da Vera ta kulle kanta a ɗaki da tarho tana barazanar kiran ’yan sanda, shi kuma ya ja igiyar ta ƙarƙashin ƙofa don ya tsinke ta, bai san ta naɗe a wuyanta ba. Ƙanena ya ce, "Yaya, wannan mutum ba shi da sa’a." Ni kuwa ban gamsu ba. Mun yi imani da ƙaddara, amma ba ita ta sa hannunsa a aljihun mamaci ba, kuma mutuwa biyu da babu mai shaida sai shi kaɗai sun isa su sa mutum ya yi shakkar mai ba da labarin. Muka yi ta musu a kan haka har aka kira magariba, yana cewa tsoro ne ya kai shi, ina cewa tsoron ma da zaɓi a cikinsa. Ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya sa wannan fim na minti 68 a jerin finafinan da ƙasar ke adanawa tun 1992.

Akwai kuma wani fim na uku da ya rage, Carnival of Souls na 1962, wanda Herk Harvey ya ɗauka a Kansas da wani tsohon wurin shaƙatawa da aka yi watsi da shi a bakin tafkin gishiri na jihar Utah. Batiri ya ƙare kafin mu fara. Da zai tafi bayan isha’i, ƙanena ya tsaya a bakin zaure ya ce in jira shi gobe, kada in kalla ni kaɗai, kuma zai zo da amsar da zai ba ni game da Al Roberts.