Gommai da ɗaruruwa

Ranar Alhamis na mayar da makullin ofis, na naɗe dardumata na fito. Waɗanda muka yi zaman ɗakin labaran nan na Gadarif, a gabashin Sudan, tare sun san dalili.

Na kama aikin ne bayan birnin Madani ya faɗa hannun Da'ama, dakarun Hamidti masu yaƙi da sojojin Sudan, a Disambar 2023, muka yo gudun hijira gabas. Nawa shi ne in mayar da sanarwar Larabci Hausa, in karanta, a tura muryar ta WhatsApp har Kasala da Damazin da Mai Wurno. A nan na haddace bakin yaƙi. In mutanen Burhan, shugaban sojoji, ne ke magana, nasu shahada suka yi, na Hamidti kuwa halaka. In Da'ama ce, sai a juya faifan. Kullum an jawo wa abokan gaba "mummunar asarar rayuka da kayan yaƙi", amma nasu mamatan ba ka jin adadi. Wani abokin aikina yakan ce da lissafin nan gaskiya ne, da tuni ba sauran mai saɓa bindiga a Sudan.

Abin da ya fitar da ni ya faru ne bayan ɗaukewar intanet ta Fabrairun 2024, lokacin da ba a samun ƙauyukan jihar Jazira sai ta Starlink ta haya, wato intanet ta tauraron ɗan'adam. Jirgi ya saki bam a wata kasuwar ƙauye. Wani shafin Facebook ya ce an kashe gomman mayaƙa. Na rubuta "gommai, a cewar shafin". Shugabanmu ya zaro jan biro ya soke "a cewar", ya soke "gommai", ya rubuta "ɗaruruwa".

Na ce, "Ustazu, wa ya ƙirga?"

Ya ce, "Kai yaro, mutane ƙarfin gwiwa suke nema. Karanta."

Na karanta, har da gyaran murya. Akwai wanda zan iya nema a ƙauyen, ban neme shi ba, don ina tsoron abin da zai gaya mini.

Bayan kwana huɗu wata tsohuwa ta yi sallama a ƙofa, takalminta duk ƙura. Ta ce, "Ɗana, kai ne mai muryar nan?" Na ce ni ne, Inna. Autanta na cikin waɗanda bam ɗin ya kashe; baro yake turawa a kasuwar, dakon albasa, ko harsashi bai taɓa riƙewa ba. Maƙwabta a sansani sun ji labarinmu, har an fara cewa ashe ɗan Da'ama ta haifa. Na laluba aljihu, ta ɗaga hannu. "Ban zo bara ba. Ka cire mini shi daga lissafin."

Da maganar ta kai sama, Ustazu ya ce kuskuren mai fassara ne. Aka yanke mini rabin albashi. Gyaran da na rubuta har yau ba a karanta shi ba.

Daga baya na ga yadda masu ƙirga na gaskiya ke yi. Masu bincike na wata makarantar kiwon lafiya a Landan sun haɗa jerin sunayen mamata kashi 3 suka gwada da juna, a Nuwamban 2024 suka ce sama da mutum 61,000 sun rasu a jihar Khartum kaɗai cikin watanni 14 na farko, 26,000 daga ciki kashe su aka yi. Su watanni suka yi suna bin sunaye. Mu kuwa tun hayaƙi bai lafa ba adadi na kan takarda.

Ga ƙannena da suka rage: kar ku bari a raba adadi da sunan wanda ya faɗe shi. Ku tambayi wa ya ga gawa. Ku adana rubutunku na farko.

Na ji an ƙara wa Ustazu girma, an kai shi Fotsudan, inda gwamnati ta koma lokacin yaƙin. Allah ya sa alheri. Takardar nan mai jan biro tana cikin jakata, kuma ya san hannun wa ke jikinta.