Kafin a dasa wa yaro kurma na'urar ji, a duba tsayuwarsa

Can cikin kunne, ɗakin ji mai kama da dodon koɗi katanga ɗaya yake da sashen da ke riƙe daidaiton jiki, wato bututu uku masu lanƙwasa da 'yan jakunkuna biyu. Shi ya sa abin da ya kashe ji, sanƙarau ne ko allurar gentamicin, sau da yawa ba ya ƙyale maƙwabcin. Mu nan Gombe da Bauchi, inda sanƙarau ke tashi lokacin zafi, maganar ta shafe mu ƙwarai.

Gwajin farko a bakin uwa yake. Yaushe wuyansa ya tsaya, yaushe ya zauna, yaushe ya taka? Yaron da ya haura wata 18 bai taka ba, a daina cewa nauyin ƙafa ne.

In ya kai shekara 5 zuwa 6, a sa shi ya tsaya da ƙafa ɗaya, hannu a ƙugu, ido a rufe. Rufe idon shi ne gwajin, domin yara masu raunin daidaito da ido suke cike giɓin, har su ruɗi likita. Wanda ya kasa daƙiƙa 4, a zurfafa bincike. Sannan likita ya riƙe kan yaron yana kallon hancinsa, ya fizga shi gefe kaɗan da sauri. Idan idon ya bi kan sannan ya dawo, bututun wannan ɓangaren ya raunana.

Akwai gwajin na'ura, cVEMP, mai auna aikin ɗaya daga cikin jakunkunan nan biyu: a manna wayoyi a naman gefen wuya, a saki ƙara a kunne, yaron ya ɗaga kai ko ya juya shi. In naman bai ɗaure ba, ko akwai ruwa bayan gangar kunne, sakamakon zai yi ƙarya, don haka a leƙa kunnen tukun. Gwajin zuba ruwa mai digiri 30 da 44 a kunne kuwa, jiri yake kawowa, ƙananan yara ba sa jure shi.

Amfanin wahalar? Wayar na'urar da ake zurawa cikin ɗakin ji lokacin dashen tana wucewa dab da jakar da cVEMP ke aunawa, kuma tana iya taɓa ta. In kunne ɗaya za a yi wa aiki kuma jin duka biyun ya mutu, gara a zaɓi wanda daidaitonsa ya riga ya lalace. Wanda ya rasa daidaiton kunnuwa biyun yana yawan faɗuwa, buguwar kai kuma na lalata na'urar. A haɗa shi da masu gashin ƙashi, kuma kada a bar shi ya yi nutso shi kaɗai, ko a rafi ko a dam ɗin Dadin Kowa, domin a ƙarƙashin ruwa ba ya bambance sama da ƙasa.