Santimita goma da suka sa na biya kuɗin iska

Ofishinmu ɗaki biyu ne da sito a baya, a nan Kano, mu biyar ne har da maigadi. Aikinmu shigo da kayan noman rumfa daga ƙasar Sin ta jirgin ruwa, mu kai wa manomi har gonarsa, mu kafa masa. 'Yan boko suna ce masa girinhawus, mu dai a bakinmu rumfar leda ce: a lanƙwasa ƙarafa kamar baka, a lulluɓe da leda mai kauri, gefe da gefe a ja raga, ciki kuma a shimfiɗa siraran bututun ban ruwa masu ɗiga. Daga baya muka ƙara da kayan noman da babu ƙasa a cikinsa, wato kwararon roba da ruwan taki ke bi ta ƙarƙashin saiwa, da farantan tsirar da hatsi don masu kiwon shanun madara, da fitilun da ake kunna wa shuka a madadin rana.

Da can injinan ban ruwa da tiyo nake sayarwa. Abin da ya juya ni shi ne 2016, shekarar da tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye tumatir a Kadawa da Kura da sauran wuraren noman rani, kwando ya yi tsadar da mai miya ta koma kuka da kuɓewa. Tun daga nan masu hali suka fara tambaya ko akwai yadda za a yi noma a cikin raga. Na ce akwai, alhali ko kwantena ɗaya ban taɓa lodawa da sunana ba.

Odar farko daga lardin Shandong na yi ta, wajen Shouguang, garin da noman rumfa ya zame musu kamar fata a Kano. Na rubuta musu bututun ƙarfe mai tsawon mita 6, don haka na saba ganinsa a kasuwa, na kuma kama kwantena mai ƙafa 20 saboda a lissafina kayan ba za su cika ta ba. Ranar lodi, da asubarmu, waya ta tashe ni. Ƙofa ta ƙi rufuwa. Ashe tsawon cikin kwantena mai ƙafa 20 wajen mita 5.9 ne. Santimita goma kacal. Suka ce ko dai a yanke bututun, ko a sake kwantena. Yankewar ba ta yiwuwa, domin kowane bututu an matse bakinsa yadda zai shige cikin ɗan'uwansa, kuma duk inda zarto ya taɓa ƙarfen da aka yi wa rufin zinki, nan tsatsa za ta fara ci. Dole na karɓi mai ƙafa 40, jirgin wannan makon ya tafi ya bar ni, kayan suka taso daga Qingdao a kwantenar da kusan rabinta iska ce, na kuma biya kuɗin iskar cif. Daga baya na gane cewa duk wanda ya san harkar mita 5.8 yake rubutawa. Su masana'antar sun sani sarai, amma abin da na rubuta shi suka yi mini.

Wannan kaya ba irin shinkafa ko tayil ba ne da nauyi ke cika kwantena. Namu girma ne ba nauyi, saboda haka da mita kubik ake faɗa. Kwantena mai ƙafa 40 mai dogon rufi, a takarda tana cin kubik 76, amma in ka samu 68 ya shiga ka gode wa Allah. Ribata a nan take, a yadda aka jera. Manyan bututu a ƙasa, a zura ƙanana a cikinsu. Ƙarafan baka su ne masu cin wuri a banza, sai a jingina su a cusa kwalayen noti da mahaɗai a cikin lanƙwasar. Naɗin leda a sama yake kwana, kuma ba ya taɓa ƙarfe, don gogayyar wata guda da ɗoriya a teku ta isa ta huda ninki goma a wuri ɗaya, ba za ka sani ba sai ranar da aka warware ta a gona. Akwai kuma takardar sanyaya rumfa, mai kama da saƙar zuma, wadda ruwa ke bi fanka tana jan iska ta cikinta. Ba a yin rumfa a zafin Kano na watan Afrilu ba tare da ita ko isasshiyar raga ba, amma da an ɗora mata nauyi ta lotse, ta tashi daga aiki. Yanzu ba a rufe mini kwantena sai na ga hoton kowane layi.

Mutane kan tambaye ni me ya sa ba na bin haɗaka, wato a haɗa kayan mutane da yawa a kwantena ɗaya kowa ya biya gwargwadon wurinsa. Ina bi, in fitilu ne ko famfuna ko akwatunan sarrafa ban ruwa. Amma dogon ƙarfe da leda ba sa jure a sauke su a sake lodawa a siton wani, kuma ƙananan kuɗaɗen da ke jiran kayan haɗaka a Legas sukan cinye rangwamen da ka gani a farko.

Abin da ban taɓa tsammani ba shi ne kwantena tana gumi. Jirgin da ya taso daga Sin zuwa Legas yakan bi ta Singafo, ya ratsa tekun Indiya, ya zagayo ta ƙasan Afirka ta Kudu sannan ya hauro, mako biyar zuwa bakwai, yana fita daga zafi yana shiga sanyi. Damshin da aka kulle a ciki, na iska da na katako da na kwali, sai ya taru a rufi ya riƙa ɗiga kamar raɓa. Na taɓa buɗe kwantena na tarar da bututu sun yi fari fat kamar an barbaɗa musu gari, kwalaye sun yi laushi sun zube, akwatin lantarki ɗaya kuwa da muka jijjiga shi ruwa ne ya fito. Ba rami ko ɗaya a jikin kwantenar. Tun daga ranar nake sa a rataya jakunkunan shan damshi, kayan lantarki a naɗe su a leda a like, katakon da za a ɗora kaya a kai kuma ya zama busasshe mai hatimin ISPM 15, shaidar an gasa shi ko an yi masa hayaƙi saboda ƙwari.

Takardu kuwa, tun kafin a ɗaga bututu ɗaya ake fara su. Form M, wato takardar neman shigo da kaya, ta hannun banki, da inshorar kamfanin gida Najeriya, da takardar SONCAP ta shaidar inganci ga kayan lantarki irin su fanka da famfo da fitila, sannan PAAR daga kwastan, takardar da ke ƙiyasta kuɗin fito. Abin da ke cikin takardar lodi da rasit da jerin kwalaye dole bakinsu ya zo ɗaya, har yadda aka rubuta sunan kaya. Rumfa cikakkiya lambarta daban a littafin kuɗin fito, bututu shi kaɗai lambarsa daban, leda ma haka. Wanda ya bar wa magatakardan masana'anta ya rubuta abin da ya ga dama, a tashar jirgi zai ji a jikinsa.

Wani dattijo da muka yi wa rumfa huɗu ya taɓa cewa da ni, "Yaro, tunda akwai sauran wuri, ka sa su jefa mini buhun takin nan goma da irin tumatir mana."

Na ce, "Ranka ya daɗe, a yi mini afuwa, wannan kam ba zan iya ba."

Ya ce, "Buhu goma ne fa."

Na ce, "Alhaji, ko ɗaya ne."

Ransa bai so ba, sai da na zauna na warware masa. Wasu daga cikin takin da ake narkawa a ruwa, irin su potassium nitrate, a dokar jiragen ruwa kaya ne masu haɗari, suna da nasu takardu da nasu kuɗi, kuma tun fashewar tashar Beirut a 2020 ba kamfanin jirgin da ke wasa da duk abin da sunansa ya ƙare da nitrate. Iri da ɓawon kwakwar da ake shuka a cikinsa kuma sai da izinin hukumar killace tsirrai, NAQS. Batirin sola na lithium shi ma nasa layin daban. Buhu ɗaya da ba a bayyana ba zai iya zaunar da kwantena gaba ɗaya, kwanakin kyauta su ƙare, kamfanin jirgi ya fara ƙirga damarej, wato kuɗin jinkirin mayar da kwantenarsa, masu tasha su ma suna ƙirga kuɗin ajiya, kowa da nasa agogon. Takinsa a gida muka saya masa.

Sauran ciwon kan na kowa ne. Daga Yunin 2023 da aka saki naira, farashin canjin dala da kwastan ke lissafi da shi ya riƙa sauyawa kaya suna kan ruwa, na daina ba kowa farashin ƙarshe da naira sai kwantena ta fito. An buɗe tashar Lekki da tashar tsandauri ta Dala da ke Zawachiki a farkon shekarar, amma ni har yanzu yawancin kayana a Legas ejan ɗina yake fitarwa, a ɗora a tirela, kwana uku ko huɗu ta iso.

Lokaci kuma daga baya ake ƙirgo shi. Mai rumfa damina yake hari, lokacin da tumatir ke wuya a kasuwar 'Yan Kaba, don haka yana so rumfa ta tsaya kafin ƙarshen bazara. Cire makonnin kafawa, da hanya, da tasha, da teku, da wata guda na ƙera kayan, sai ka ga kana cikin Nuwamba. In ka yi sakaci har sabuwar shekarar Sinawa ta riske ka, a ƙarshen Janairu ko cikin Fabrairu, masana'antu sun rufe, ka rasa daminar.

Abin da ya fi ba ni tsoro yanzu ba manyan kaya ba ne. Rumfa ɗaya tana da ɗaruruwan ƙananan mahaɗai, da wata waya mai lanƙwashe-lanƙwashe da ke danne leda a cikin kwararonta. Bara muka kafa ƙarafa tsaf a wata gona, yara suka hau za su ja leda, aka nemi kwalin wayar nan aka rasa. A jerin kaya yana nan, lamba 41, a kwantena babu. Mun zagaya Sabon Gari da Ƙofar Ruwa ba mu samu mai shiga kwararon ba. Ta jirgin sama aka aiko da shi, kuɗin kawowar ya ninka kuɗin wayar, ma'aikata shida suka yi kwana tara suna cin abincina a gindin ƙarafa. Kwantenar da ke kan ruwa yanzu kwali 63 ne a cikinta, kowanne da lambarsa a gefe huɗu, kuma na sa an raba wayar gida biyu, rabi a kwali na 7, rabi a na 52.