Tafiyar awa shida da ta cinye mana kwana biyu

Shekaranjiya muka dawo, amma har yanzu in na rufe ido allurar zafin inji nake gani tana rarrafawa zuwa ja. Ni da ƙanina muka yi tafiyar, a tsohuwar motata ƙirar 1998, za mu kai wa ƙanwarmu kaya.

Ciwon ba sabo ba ne. Wata uku ke nan motar tana zafi jefi-jefi, kuma bakaniken da nake kai wa a gida ya yi mata abin da ya saba yi wa kowa. Ya cire tamostat, wato ɗan bawul ɗin da ke tsare ruwa a inji har sai ya ɗumama, ya jefar, ya haɗa fanka kai tsaye yadda da an murza makulli za ta fara juyawa, sannan ya ce in riƙa yawo da jarkar ruwa a but. A cikin gari kuwa sai ta zauna lafiya lau, ko a cunkoso ba ta motsi. Abin da ya ruɗe ni ke nan na ɗauki doguwar hanya.

Awa biyun farko babu labari. Muna fara hawan tuddai allura ta bar tsakiya. Ƙanina ya ce, "Yaya, kashe AC ka kunna hita, ka ƙure ta." Na dube shi, hita a wannan rana? Ashe shi ke da gaskiya. Hita ƙaramin lagireto ce, ruwan inji ke ratsa ta, don haka tana rage masa zafi ta juye mana. Muka sauke gilasai muna ta gumi, allura ta ɗan ja baya, amma a tudu na gaba ta koma inda ta fito.

Dole na tsaya, kuma rashin sa'a kusa da wani shingen bincike. Kafin in ɗaga bonet wani jami'i ya taso yana faɗa, wai mun tare masa wuri. Na ce, "Yallaɓai, inji ne ya yi zafi, a ba mu rabin awa ya huce." Ya ce in buɗe lagireto in zuba ruwa in ɓace masa da gani. Na ƙi. Ruwan da ke ciki a matse yake, zafinsa ya wuce maki 100, kana sassauta murfi zai tafasa nan take ya yi tsiri a fuskarka. Da ya ga ba zan buɗe ba sai ya huce a kan takarduna, ya duba su sau uku, ya sa muka sauke kayan but kaf. Bai sami komai ba, ko sannu bai ce mana ba. Amfanin da ya yi mana ɗaya ne: kafin ya gama, inji ya huce.

Da lallaɓawa muka kai wani ɗan ƙauye a gindin tudu, aka nuna mana rumfar wani dattijo. Wannan mutumin shi ne dalilin rubutun nan.

Bai taɓa sufana ba tukuna. Tambaya ya fara yi: "Ɗana, yaushe take zafin? A tsaye, ko a guje?" Wata uku ina zarya gareji, babu wanda ya taɓa yi mini wannan tambayar. Na ce, "Baba, a tsaye lafiya take. Sai na taka ta sosai, ko a hawa." Ya gyaɗa kai. Ya ce motar da ke zafi a tsaye ta huce in an kama hanya, fanka ake fara tuhuma, domin a guje iskar hanya ke yi mata aiki. Wadda kuwa sai an ɗora mata nauyi take zafi, to ruwan ne ba ya zagayawa yadda ya kamata, ko lagireto ya kasa sauke zafin da ake kawo masa.

Sai ya fara da abin da na fi tsoro, wato gaskit, shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da jikinsa mai hana ruwa da mai haɗuwa. Ya zaro sandar baƙin mai ya duba, ya juya murfin mai ya leƙa ko akwai farin kumfa mai kauri, alamar ruwa ya haɗu da mai. Babu. Ya jira inji ya yi sanyi sarai, ya buɗe lagireto ya cika shi, ya sa ƙanina ya tayar da mota. Ya tsaya yana kallon bakin lagireto ko zai ga kumfa na tasowa ba ƙaƙƙautawa, yaronsa kuma yana baya yana duba ko salansa na fitar da farin hayaƙi. Duk babu. Ya ce, "Gaskit ɗinki da saura," da motar yake magana, ba da ni ba. Ruwa kuma ana ganinsa yana gudu in an taka totur, ke nan famfon ruwa bai mutu ba, bel ma a ɗaure yake.

Da inji ya ɗumama ya sa aka kashe, ya zare wayar fanka, domin a wasu motocin takan tashi ko an kashe inji. Sannan ya kama hannuna ya ɗora a jikin lagireto. Sama zafi rau, gefe zafi, tsakiya kuwa sanyi ƙalau, faɗin tafin hannu biyu. Bututun wurin sun toshe, ruwa ba ya bi ta cikinsu. Kusan rabin lagireto nake yawo da shi. A gari ya isa, a kan tudu bai isa ba.

Murfin ma ya nuna mini. Robarsa ta tsattsage. A jikinsa an rubuta 0.9, ya ce wannan matsin ne ke hana ruwa tafasa sai ya kusa maki 120. Murfi ya lalace, ruwa zai tafasa a 100, a kan tudu ma ƙasa da haka, ya yi ta ƙafewa kana ƙarawa. Ni kuma ruwan da na samu nake ɗurawa, shi ya haifar da tsatsar da ta toshe bututun. Murfi, ɗan ƙaramin abu, da tun farko wani ya juya shi ya duba.

Ya sauke lagireto ya buɗe kansa, ya bi bututun ɗaya bayan ɗaya da siririn ƙarfe. Abin da ya fito kamar jan laka. A kan tamostat kuwa ya yi faɗa sosai. Ya ce cire shi ba magani ba ne, ɓoye ciwo ne: inji ya daɗe bai ɗumama ba, ya sha mai, ya ci jikinsa, kuma a wasu injinan in babu shi wani ruwan yakan zagaye ya koma ba tare da ya shiga lagireto ba. Babu tamostat a ƙauyen, dare kuma ya yi. Ya ba mu ɗakin da ke bayan rumfarsa muka kwana, da sassafe ya tura yaronsa gari na gaba a babur ya sayo tamostat mai lamba 82, wato mai buɗewa a maki 82, da sabon murfi, da ruwan sanyaya inji na kwalba wanda ke hana tsatsa. Ya mayar da fanka kan na'urarta, ya bar inji yana aiki har iskar da ta maƙale a ciki ta fita.

Da na zo sallamarsa, ladan wankin lagireto kawai ya karɓa. Binciken da ya ɗauke shi awa guda da kwanan da muka yi, ya ce ba na sayarwa ba ne. A gida kuwa, ɗaga bonet kaɗai sai ka biya.

Sauran hanyar babu abin faɗa. Tuddai uku muka hau da AC a kunne, allura tana tsakiya kamar an kafe ta da ƙusa. Muka sauke kaya, muka kwana, muka juyo. Shingen nan ma mun wuce shi, wani jami'in ne daban, hannu kawai ya ɗaga mana.

Jiya na biya ta garejin gida na ba bakanikena labari. Ya leƙa inji ya ce, "Kai, an mayar da tamostat? Kawo in cire maka kafin zafi ya shigo." Na rufe bonet ɗina.