Ƙuri'a a cikin ambulan

Yau a wurin aiki wata Ba'amurkiya da mijinta soja ne a Ramstein nan Jamus ta fito da takardar ƙuri'arta da aka turo mata ta imel. Tana shan kofi tana cikewa da biro kamar fom ɗin makaranta, ta sa hannu ta liƙe ambulan, wai gobe sai gidan waya. Ta ce dokarsu ce, kwana 45 kafin zaɓe dole jiha ta turo wa 'yan ƙasarsu da ke ƙasashen waje takardar ƙuri'a, soja da farar hula duk ɗaya.

Wallahi sai na ji wani iri. Ni katin zaɓena na can Kano a durowar Hajiya, zaɓen 2023 a waya na kalla ina ta surutu a guruf. In ban yanki tikitin jirgi ba, ba ni da ƙuri'a kenan.